Na'urar hawa tana sulalewa a sabuwar igiya, wa ya taɓa gani?

Mai Zarto: Salamu alaikum 'yan uwa masu hawa. Ina aikin datse bishiyoyi a nan Ingila, na canza igiya zuwa mai kaurin milimita 11.7, to tunda na saka ta na'urar ba ta riƙe ni kamar da, ina tsaye a reshe ina yanka sai in ji ina yin ƙasa a hankali a hankali. Tsohuwar igiyar ba ta taɓa min haka ba. Dan Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mana yadda ya yi.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ai sabuwar igiya kam dole, santsi ne da ita, ga shi ba ta yi gashi-gashin nan da tsohuwa ke yi ba. Tsohuwar taka ta sha aiki ta kumbura, ko lambarsu ɗaya a takarda to a hannu ba ɗaya ba ne. Ni na'urar Akimbo nake amfani da ita, igiya daga milimita 11.5 zuwa 13 take ɗauka, kuma abin da ya sa nake sonta ba sai da sifana ba, ka cire ta daga igiya ka juya maɓallin saiti na sama da na ƙasa da hannu shikenan. Amma fa mataki ɗaya bayan ɗaya nake matsawa, in rataya a ƙasa-ƙasa inda ƙafata za ta taɓa ƙasa, in yi tsalle in ga ko za ta cafke. Da zarto da komai nake gwadawa, don nauyinka da kaya daban ne da nauyinka kai kaɗai.

Na Jamus: Gaskiyar Baban Ummi ne amma kar ka matse ta da yawa malam. Wani abokin aikina ya ƙure tasa, wajen saukowa ta ƙi sakinsa, da ya danna da ƙarfi sai ta sake shi gaba ɗaya, ya yi wajen mita guda kafin ta kama, wallahi har gwiwarsa ta bugi gindin reshe. Mu a nan matsalarmu danƙon itacen fayin ne, idan ya manne a igiya wani wurin ta liƙe wani wurin ta zame, ba saitin da zai yi maganin wannan sai wanki. Ruwan ɗumi kawai, a shanya a inuwa.

Ɗan Tsoho: Ku yaran zamani da ƙarafunanku, haha. Ni har yau ƙulli nake yi da siririyar igiya a jikin igiyar hawa, da 'yar na'urar Rope Wrench a samansa tana lanƙwasa igiyar ta rage wa ƙullin nauyi. In ya fara zamewa in ƙara zagaye ɗaya, magana ta ƙare. Sai dai siririyar igiyar ƙullin tana cinyewa, in ka sauko da gudu har ƙyalli take yi don zafi, to nan a jefar da ita.

Baban Ummi: Baba ai ku ne manya, mu gwiwar hannu ce ta kore mu daga ƙulli.

Na Jamus: Af na manta, in na'urar ZigZag ce da kai babu abin saiti a jikinta, igiya za ka zaɓa daidai da ita, kuma a igiya tilo sai an haɗa mata Chicane, wata 'yar na'ura mai ƙara mata birki.

Mai Zarto: Na gode ƙwarai. Tawa mai saiti ce, yau da safe na ƙara mata mataki ɗaya a sama, na gwada a ƙasa da kaya a jikina ta riƙe gam, saukowa ma lafiya lau. Saura in ga yadda za ta yi in igiyar ta jiƙe, don an ce gobe akwai ruwa.