Koci ya ce a rage wa ɗana shekara uku, ni ce kuma zan sa hannu

Uwar ɗan ƙwallo, Mabera:
Salama gare ku cikin sunan Yesu. Iyaye da 'yan'uwa, shawara nake nema, yau kwana huɗu ban yi barcin kirki ba.

Ɗana na fari ya cika shekara 19. Tun yana firamare ƙwallo ce ransa. Ƙarfe biyar da rabi na asuba yake fita atisaye, ko da sanyin hunturu na fasa leɓe, ya dawo ƙafa buɗu-buɗu da ƙura, ya zauna bakin famfo yana wanke takalmin da mai gyara ya ɗinke masa har sau uku. Babansu ya rasu shekara shida ke nan, da keken ɗinki nake riƙe su huɗu.

Ranar Asabar kocinsu ya zo har gida. Ya ce akwai masu zaɓen 'yan wasa da za su zo Abuja, amma 'yan ƙasa da shekara 17 suke nema. Yana so a je kotu a yi sabuwar takardar rantsuwar shekaru a mayar da shi 16, ni zan rantse a matsayin uwa. Da na yi shiru sai ya ce, "Mama, wannan shi ake ce wa shekarun ƙwallo, kowa haka yake yi."

Abin da ya fi damuna yaron ne. Bara aka yi masa baftisma, yana cikin mawaƙan ikkilisiya. Da dare ya zo ya durƙusa kusa da keken ya ce, "Mama, kin yi ta addu'a Allah ya buɗe ƙofa, ga ta ta buɗe, ke ce za ki rufe?" Na rasa amsa. Ni na haife shi, na san ranar da watan. Yaya zan ɗaga hannu in ce wata rana ce daban? Amma in na hana, ya ƙare yana yawon banza a Sakkwato, zai yafe mini?

Ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa:
Mama, zan faɗi abin da wasu ke jin nauyin faɗa. Yaran da zai je ya tarar a can, yawancinsu an taɓa musu takarda. In shi kaɗai ya je da gaskiya, shi kaɗai zai dawo. Ba sata zai yi ba, ba kisa ba. Ya samu ya fita, ya riƙe ki da ƙannensa, ya ba da zakkarsa a coci. Allah ya san halin da kike ciki.

Malamar asibiti, Arkilla:
Ɗan'uwa, kafin a kai ga Littafi Mai Tsarki ma, akwai maganar ƙashi. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a nan Najeriya a 2009 FIFA take ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI. A ƙarshen ƙashin hannun yaro akwai wani siririn guringuntsi da ƙashi ke tsawo ta wurinsa. In girma ya kammala sai ya haɗe ya rufe, hoton kuma yana nunawa. Gwajin yakan yi kuskure a kan wasu, amma saurayi mai 19 mai yiwuwa nasa ya riga ya rufe. A 2016 an sallami yara fiye da 20 daga sansanin Golden Eaglets, ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, saboda wannan gwajin, daga baya Nijar ta fitar da mu, alhali mu ke riƙe da kofin duniya. Mama, za ki iya yin rantsuwar, ki kashe kuɗin mota da na takardu, a maido miki shi da suna ɓatacce.

Tsohon mai tsaron gida, Gawon Nama:
Mama, ni na yi abin da ake so ɗanki ya yi, shi ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba. Huɗu aka cire mini. Ba a kama ni ba, wannan ne ma ya fi muni. Dole na ɓoye takardar WAEC ɗina don shekarar da ke jiki ba ta yi daidai ba. In aka zauna hira a sansani aka ce wa ya tuna kaza, sai in yi lissafi a kai kafin in buɗe baki. Wata rana wani ɗan ajinmu ya zo kallo ya kira ni da sunan makaranta, na yi kamar ban ji ba. Na ga fuskarsa lokacin da ya juya, har yau ina ganinta.

Akwai kuma wanda ba a maganarsa. Ranar zaɓe akwai wani ƙaramin yaro ɗan 15 na gaske, hannunsa ya fi nawa kama ƙwallo, amma ni na fi shi ƙirji da tsawo don na girme shi da shekaru. Ni aka ɗauka. Ya ɗaure safar hannunsa a leda ya tafi. Wanda ya ce ba sata ba ce, ni na san abin da na sata da kuma wanda na sata a wurinsa. Gwiwa ta zaunar da ni ina da 31, takarda na cewa 27, kuma ban taɓa iya ba da shaida a gaban matasa da sakin zuciya ba sai da na faɗi wannan a fili.

Dattijon ikkilisiya, Old Airport:
'Yata, sannu da ɗawainiya. Ba na raina talauci, na san kuɗin makarantar yara huɗu a kan keke ɗaya. Amma kada a rikita miki suna. Duniya tana tambaya wa ya ci, Ubangiji yana tambaya yaya aka ci. Bulus ya san wasanni sarai, Korinti ma gari ne da a zamaninsa ake babbar gasa kusa da shi. A 2 Timoti 2:5 ya ce ɗan wasa ba ya samun kambi sai ya bi ƙa'idar wasan. A 1 Korintiyawa 9 ya ce masu tsere suna horon jikinsu don kambi mai lalacewa, namu kuwa marar lalacewa ne. Bai hana gudu ba, bai hana son nasara ba, cewa ma ya yi ku yi gudu don ku samu. Karin Magana 11:1 kuma ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Takardar shekaru mudu ce da ake auna yara da ita. Ki gaya wa yaron ba kowace ƙofa da ta buɗe Allah ne ya buɗe ta ba. Wadda sai uwa ta yi rantsuwar ƙarya a shiga, a duba wa ke riƙe da mabuɗinta.

Shugaban matasa, Runjin Sambo:
Mama, ki ba shi labarin Eric Liddell, ɗan Sikotilan. A Olamfik na Paris a 1924 ya ƙi shiga tseren mita 100, wanda ya fi ƙwarewa a kai, don zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya koma mita 400 ya ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6.

Malamar Lahadi, Tudun Wada:
A ba shi, amma a ba shi har ƙarshe. Shekara ɗaya bayan zinariyar ya bar suna ya tafi aikin bishara a Sin, a 1945 ya mutu a sansanin da sojojin Japan suka tsare su. Ina tsoron mu riƙa koya wa yara cewa in ka ƙi ƙarya dole kofi ya biyo baya. In bai biyo ba sai yaro ya ce Allah ya yaudare shi. Mama, ki faɗa masa gaskiya tun yanzu: mai yiwuwa wannan damar ta wuce ke nan, kuma zai ji zafi. Ki bar shi ya yi fushinsa, kada ki tare shi da ayoyi a daren farko.

Tsohon mai tsaron gida:
Na manta wani abu. Gasar yara ba ita kaɗai ce hanya ba. Ahmed Musa a gasar gida aka gan shi, ya fi kowa cin ƙwallo a Kano Pillars kafin ya wuce Holan a 2010. Ɗan 19 ya nemi ƙungiyar manya, ba ta yara ba. Kada kuma ki ba kowa kuɗi don wai zai kai shi waje. In kin yarda, ki turo shi filin Giginya ranar Laraba da yamma in ga wasansa da idona.

Uwar ɗan ƙwallo:
Na gode muku duka, har ɗan'uwan da ya fara amsawa, don abin da ya faɗa shi ne zuciyata ke raɗa mini da dare. Jiya na kira kocin na ce ba zan sa hannu ba. Ya ce na kashe wa yaro gaba, ya kashe waya. Yaron bai ci tuwon dare ba, bai kuma ce mini uffan ba, na bi shawarar Malamar Lahadi na ƙyale shi. Na karanta masa saƙon Baba mai tsaron gida kawai, wurin yaron nan mai leda, ya ce in sake karantawa. Yau da asuba na ji buɗe ƙofa, na leƙa na ga babu takalmin a ƙusa.

Baba, ƙarfe nawa ranar Laraba? Ya zo da rigarsa ko akwai a can?