Kajin nan marasa gashin wuya, ciwo ne ko haka irinsu yake?

Ummu_Khairat:
Assalamu alaikum masu kiwo, dan Allah ina da tambaya. Cikin 'yan tsakin da kazata ta ƙyanƙyashe akwai masu wuya fayau ba gashi ko ɗaya, wasu kuma da ɗan tuttun gashi a gaban wuyan. Wani ya ce min ciwo ne in ware su, wani kuma ya ce wai haɗin kaza da talotalo ne. Suna cin abinci lafiya lau fa. Wanne ne gaskiya, kuma iri ɗaya ne ko kala-kala ne?

Mai_Kaji_Baba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ware su, lafiyarsu ƙalau. Wadda ciwo ko ƙwarƙwata ko tsattsagar 'yan'uwa ta cinye wa gashi za ki ga fatar da ƙuraje ko kututturen gashi, kuma ba a haihuwarta haka, waɗannan kuwa tun daga ƙwai suke fitowa da wuyansu sumul. Gado ne. In ɗan tsako ya gaji abin ta uwa da uba wuyan zai fito tas ko kusan haka, kuma gashin jikinsa gaba ɗaya yakan ragu da wajen kashi 40 cikin 100, in ta ɓangare ɗaya ne shi ne masu tuttun nan da kika gani. Ko zakaran ne kaɗai ke da shi sai ya nuna a wasu 'ya'yan.
Maganar talotalo kuma babu ita sam, tsohon zato ne, har shi ya sa a Amurka ake ce musu Turken, wato haɗin sunan talotalo da na kaza a Turanci, amma kaza ce zalla.

Abu_Hanif:
Baba ya gama magana. Kan kala-kala kuwa, wadda ta fi suna ita ce ta Transilbaniya, yankin da ke Romaniya yanzu, daga can ta shiga Jamus aka ƙara gyara irin, ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka kuma ta amince da ita a 1965. Faransa suna da tasu fara mai suna Cou Nu du Forez, kuma su Faransawa ba don ado kawai suke kiwonsu ba, da yawa cikin kajin naman da suke sayarwa da tambarin inganci na Label Rouge masu wuyan nan ne, ana sakinsu su yi kiwo a fili kuma ba a yankawa sai sun kai kwana 81 aƙalla. Burazil ma sun rungumi wannan irin sosai. Afirka ta Kudu akwai Kaalnek, Madagaska da Biyetnam akwai dogayen zakarun faɗa masu jan wuya, sai Showgirl da aka haɗa da Silkie, wata kaza mai laushin gashi, kai cike da gashi kamar auduga wuya kuma tsirara, ita dai ta kallo ce kawai.
A 2011 masu bincike a cibiyar Roslin ta Sukotland suka gano cewa wani sinadari ne mai suna BMP12 yake yin yawa a jikinsu ya hana gashi tsirowa, fatar wuya kuma ita ta fi jin tasirinsa.

Ummu_Khairat:
Masha Allah na gode ƙwarai, hankalina ya kwanta. To rana ba ta ƙona musu wuyan? Na ga na wani zakara ja jawur har tausayi ya ba ni.

Mai_Kaji_Baba:
Jan nan haka yake musamman a zakaru, rana tana ƙara shi, ba ƙuna ba ce. Ai zafi ne ma inda suka fi sauran. Kaza ba ta gumi, da haki take rage zafin jiki, to ranar da garin ya ɗau zafi ki duba, masu cikakken gashi sun buɗe baki sun saki fukafukai sun daina ci, su kuwa waɗannan suna ta tonon ƙasa abinsu don zafin yana fita ta wuya, shi ya sa ƙwai da girmansu ba sa faɗuwa sosai. Ga sauƙin figa. Ni wallahi takaici nake ji in na ga ana yanka su da wuri don wai ba su da kyau, a rasa iri mai amfani haka. Ki dai kula da 'yan tsakin in ana sanyi ko ruwa, kuma ki yi musu rigakafi kamar kowace kaza.