In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: a kwamfuta wa ke kiɗan?

Ɗalibin Samaru: Jama'a, malaminmu ya kawo wannan karin magana a darasin tarihin kwamfuta. Ya ce harshen rubuta manhaja shi ne kiɗa, inji kuma mai rawa. Ni dai ban gamsu ba. Ai sai an ƙera inji kafin a rubuta masa komai.

Malam Mai Lissafi: Ƙanena, kada ka yi saurin ƙaryata malaminka. Nemi labarin B5000 da kamfanin Burroughs na Amurka ya sanar a 1961. Robert Barton da abokan aikinsa sai da suka zauna suka nazarci harshen ALGOL 60 tukuna suka zana injin. A ALGOL aiki yakan kira wani aiki, shi ma ya kira wani, don haka suka gina wa injin ma'ajiya irin jerin faranti: wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara ɗauka. Hatta MCP, babbar manhajar da ke tafiyar da injin, da wani reshen ALGOL aka rubuta ta. Wa ya yi wa wani kiɗa a nan?

Hajiyar Damagaram: Malam, ka zaɓi misalin da ya yi maka daɗi ne. Kwamfutar IBM 704 ta fito a 1954, harshen FORTRAN ɗin su John Backus sai 1957, kuma dominta aka yi shi. Harshen LISP ma har yau yana ɗauke da umarnin CAR da CDR, sunayen da aka ciro daga sassan ma'ajiyar 704 ɗin. Injin ya daɗe da shiga gidan tarihi, tambarinsa na nan a jikin harshe.

Malam Mai Lissafi: Gaskiyarki, Hajiya. Amma LISP ɗin nan ne ya sa aka ƙera masa injinansa na kansa a jami'ar MIT cikin shekarun 1970.

Baban Yara: Ku dai ba ku taɓa tsayawa gaban mai kalangu ba, shi ya sa. Idonsa na kan ƙafar mai rawa, in ta sauya taku shi ma ya matse tsarkiya. Kuma mu a gida in mun faɗi maganar nan, sauyin hali muke nufi, ba gardamar wa ya riga wa ba.

Ɗalibin Samaru: To Baba, in tambayar ta fito a jarrabawa, B5000 zan rubuta ko 704?