Ina za mu ajiye mota idan za mu Zermatt da Hajiya?

Baban Amira, Freiburg ta Jamus:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda ke zaune a Suwizalan, ko duk wanda ya taɓa hawa tsaunukan can da mota lokacin hunturu.

Su Amira za su sami hutun 'yan kwanaki a watan Fabrairu, kuma tun bara ita da ƙanenta suke roƙona in kai su su koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, don 'yan ajinsu ba su da hira sai wannan. Muka tara abin da ya sawwaƙa, na kama mana masauki na kwana huɗu a Zermatt, wani gari a cikin tsaunukan Suwizalan. Sai bayan na biya kuɗi na tsaya na karanta saƙon mai gidan da kyau, ashe mota ba ta shiga garin, wai a wani ƙauye mai suna Täsch ake barinta. Wallahi gabana ya faɗi.

Abin da ya sa, mahaifiyata tana tare da mu, ta zo daga Kano tun Disamba. Shekarunta 68, ga ciwon gwiwa ga hawan jini. Daga ƙofar gida zuwa mota ma sai ta dafa kafaɗata. Ba zan iya barinta ita kaɗai ba, kuma ita da bakinta ta ce tana son ta ga dutsen nan na Matterhorn da yaran suke nuna mata a waya. To yaya wurin ajiye motar yake? Akwai tafiyar ƙafa mai nisa? Ga akwatuna, ga yara, ga tsohuwa, ga sanyi. Ko in haƙura in nemi wani gari?

Maman Ilham, Bern:

Wa'alaikumus salam Baban Amira, a gaishe mana da Hajiya. Ka kwantar da hankalinka, abin bai kai yadda kake zato ba. Sau uku muna zuwa, sau ɗaya ma da surukata, wadda da sanda take tafiya.

A Täsch akwai wani katafaren gini da ake kira Matterhorn Terminal. Gidan ajiye motoci ne rufaffe mai ɗaukar mota wajen 2,100, kuma tashar jirgin ƙasa tana haɗe da shi, rufi ɗaya. Wato ka ajiye mota, ka fito da kaya, ka shiga jirgi, ba tare da Hajiya ta taka ƙanƙara ko sau ɗaya ba. Jirgin yana tashi duk bayan minti 20 da rana, minti 12 kuma ya sauke ku a tsakiyar Zermatt, don tsakaninsu kilomita biyar ne zuwa shida.

Abin da ya fi burge ni shi ne amalanken kaya. Akwai su a nan cikin ginin, ka loda akwatunanku a kai, ka turo ta har cikin jirgi da kayan a kanta, ka sauko da ita a can. Ba ɗagawa, ba saukewa. Surukata ma hannun amalanken ta riƙe tana takawa a hankali, ya zame mata madogara. Ƙasan jirgin daidai yake da dandamalin, babu matakala.

Ka yi rijistar wurin motarka ta intanet tun yanzu, kada ka bari sai ka isa. Fabrairu lokacin hutun makarantu ne a ƙasashe da yawa, kuma Asabar ita ce ranar da masu tafiya suke fita, masu zuwa suke shiga. Idan kana da akwatin kaya a saman mota, ka auna tsawon motar da shi ka gwada da iyakar da suka rubuta.

Sannan ka rubuta wa mai masaukin yau ɗin nan, ka tambaye shi nisan gidan daga tasha, da ko a kan tudu yake. Nan ne inda wahalar take, ba a Täsch ba. Zermatt cikin kwari take, gidaje da yawa a gefen dutse suke, wasu sai an hau matakala. Akwai ƙananan tasi masu lantarki a bakin tasha, otal-otal da yawa kuma suna turo nasu su ɗauki baƙi, amma ka tabbatar tasin na iya kaiwa har bakin ƙofa.

Ɗan Damagaram, Milano:

Malam, ni abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, don ya faru da ni. Idan ka isa Täsch za ka ga titi ya ci gaba ya miƙe sama, kwalta mai kyau, har ka ga wasu motoci suna bi. Kada ka bi su. Masu takardar izini ne. Ni na isa da daddare a gajiye, yara suna barci a baya, na ce bari in matsa gaba ko zan rage hanya. Tara na biya, kuma na juyo na dawo inda ya kamata in tsaya tun farko. Laifina ne, allon yana nan a bakin hanya, ban tsaya na karanta ba.

Akwai kuma masu garejin kansu a Täsch da ke ajiye maka mota su kai ka da tasinsu, amma su ma a bakin gari suke sauke mutum, daga nan ka sake hawa mai lantarki. Da tsohuwa, ni dai jirgin na fi yarda da shi.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Maman Ilham, ta wace hanya kuke bi daga Bern? Taswira tana nuna mini wani wuri da za a ɗora motar a kan jirgi, ban gane ba.

Maman Ilham:

Kandersteg ke nan. Titi ne ya ƙare a gindin dutse, sai ka tuƙa motarka ka hau kan jirgin ƙasa, ka kashe inji, ka ja birkin hannu, kuna zaune a ciki ya ratsa da ku ramin Lötschberg cikin minti 15 ya fito da ku Goppenstein. Daga nan ka gangara Visp, ka kama hanyar kwarin, kusan kilomita 30 zuwa Täsch. Ana biyan kuɗi. Ka gaya wa Hajiya tun kafin ku shiga cewa za a yi duhu sosai da ƙara, don surukata ta tsorata, salati take ta yi har muka fito. Ranar Asabar layin motoci yakan yi tsawo a can. In ba ka son wannan, ka zagaya ta Montreux da Martigny da Sion, ta fi nisa amma shimfiɗaɗɗiya ce.

Alhaji na Zurich:

Ɗana, ni ra'ayina ya sha bamban da na 'yan'uwa. Motar da za ta kwana huɗu a kulle kana biyan mata kuɗin kwana, me ya sa za ka wahalar da kanka ka kawo ta? Daga Freiburg zuwa Basel ba nisa a jirgi. Daga Basel zuwa Visp awa biyu ne da 'yan mintoci, tun da aka buɗe sabon ramin ƙarƙashin dutsen a 2007. Daga Visp ka sauya jirgi, awa ɗaya da kaɗan kana cikin Zermatt. Akwai katin yara na faran 30 (kuɗin Suwizalan) a shekara, wanda yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 16 yake tafiya da shi kyauta matuƙar yana tare da uwa ko uba. Hajiya ta sami wurin miƙe ƙafa, ga banɗaki, kai kuma ka huta da tuƙi a kan ƙanƙara.

In kuwa ka dage sai mota, to ka sayi takardar babbar hanya ta Suwizalan, faran 40 ce, tun 2023 ana sayenta ta intanet a ɗaura ta da lambar mota. Wanda aka kama babu ita, tarar faran 200 ce, kuma sai ya saye ta. Tayoyin hunturu na san kana da su tunda a Jamus kake, amma ka jefa sarƙar da ake ɗaura wa taya saboda ƙanƙara a but, ka kuma gwada ɗaura ta a ƙofar gidanka da rana tsaka. Bakin hanya cikin sanyi ba wurin koyo ba ne. Ruwan wanke gilashi ma ka zuba wanda ba ya daskarewa. Fasfon Hajiya ya kasance a jakar hannu, bizar da ta shigo Jamus da ita in ta Schengen ce tana aiki a nan. In za ku taho da nama daga mahaucinku, kilo ɗaya ne ga kowane mutum ba tare da haraji ba.

Maman Sadiq, Lyon:

Alhaji ya faɗi gaskiya, amma sauya jirgi sau biyu da akwatuna da mai ciwon gwiwa shi ma aiki ne. Ni da ba ka riga ka biya ba, da Saas-Fee zan ce maka. Hanya ɗaya ce da ta Zermatt har zuwa Stalden, a nan take rabuwa. Can ma mota ba ta shiga gari, sai dai gidan ajiye motocin a bakin ƙauyen yake, ka fito kana cikin gari, filin koyon yara kuma a gefen ƙauyen. Ka riƙe wannan don baɗi.

Abin da nake so ka ɗauka da muhimmanci shi ne maganin Hajiya. A Janairun 2018 dusar ƙanƙara ta yi yawa har aka rufe titi da layin jirgi saboda tsoron zaftarewa, baƙi wajen 13,000 suka maƙale a Zermatt, wasu da jirgi mai saukar ungulu aka fito da su zuwa Täsch. Ba kullum ba ne, amma yakan faru. Don haka kada a bar komai mai muhimmanci a mota da sunan za a dawo a ɗauka. Maganin hawan jini na kwana goma ku hau da shi, ba na huɗu ba. Kuma ka kai ta ta ga likita kafin tafiya, don garin kansa ya kai mita 1,600 a sama.

Ni kuskuren da na taɓa yi, a wani wurin daban, fili na ajiye mota don ya fi araha. Bayan kwana uku na dawo ban gane tawa ba, duk sun zama tudun fari iri ɗaya. Da murfin kular abinci na riƙa haƙa, Sadiq yana kuka, yatsuna sun daina ji. Tun daga ranar rufaffen wuri nake biya, ko nawa ne.

Maman Ilham:

Na manta ban faɗa ba. Don Hajiya ta ga dutsen Matterhorn ba sai ta hau ko'ina ba, daga cikin gari ana hango shi in gari ya yi garau. In likita ya amince, tashar jirgin da ke hawa tsaunin Gornergrat tana daura da babbar tasha, tsallaka fili kawai, amma yana kaiwa sama da mita 3,000, don haka kada a yi gaggawa ranar farko. Yara kuma Sunnegga, a saman gari, za ka kai su, can ne filin 'yan koyo yake.

Baban Amira:

Alhamdulillah, hankalina ya kwanta. Na rubuta wa mai masaukin, ya ce tasin lantarki yana tsayawa a bakin ƙofa kuma akwai lif a gidan. Alhaji, a yi mini afuwa, motar zan ɗauka a wannan karon saboda gwiwar Hajiya, amma na mayar da zuwanmu Lahadi maimakon Asabar, na kuma kama wuri a Täsch. Ranar Talata za mu ga likita. Sarƙar ma na sayo ɗazu, tana nan a falo, gobe in Allah Ya kai mu zan gwada ta. Hajiya tana gaishe ku duka, ta ce Allah Ya yi muku albarka.