Wa ya kamata ya koyi yaren wani, mai shago ko mai saye?

Abban_Hanifa:
Slm 'yan uwa. Ina da ɗan kemis a wani ƙauye kusa da Maigatari, ranar Alhamis da kasuwa ke ci shagon cika yake, kuma da yawa matan Fulani ne daga ruga waɗanda Hausarsu kaɗan ce, ni kuma Fillanci in ban da gaisuwa ba abin da nake ji. Ciniki ba matsala, ko da yatsu ma a gama. Maganin ne damuwata. Mace za ta zo da yaro jikinsa zafi rau, in yi mata bayanin yadda za ta ba shi, ta ce to, ni kuma wlh na san ba ta gane ba. Wasu mazan har fushi suke wai na daɗe ina cin kuɗinsu na kasa koyon yarensu. Dan Allah nauyin nan a kaina yake ko a kansu?

Inna_Wuro:
Malam gsky a kanka yake. Ni Bafulatana ce, fulaku ba zai bar mace ta kalli baƙon namiji ta ce masa ban gane ba, to ɗin nan ta kunya ce kawai. Kuma ka fi ni sani, maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem sau biyu ne a rana har kwana 3, in ba ta fahimta ba da zarar jikin yaron ya yi sanyi za ta ajiye sauran a ƙwarya sai wani ya kwanta. Ka riƙa zana mata a jikin kwalin, rana da wata, sannan ka miƙa mata ta nuna maka da hannunta nawa za ta ɓalla da safe nawa da dare.

DanGumel_Houston:
Yaya Abban Hanifa abin da muke fama da shi ke nan a nan Amurka. A shagon gidan mai nake aiki, mutanen Meziko da Honduras za su shigo su fara zuba maka Sifaniyanci kai tsaye ko tambayar ko kana ji ba sa yi, saboda a Texas sun saba duk inda suka shiga akwai mai ji, ƙasar ma gaba ɗaya masu yinsa a gida sun haura miliyan 40. Wasu abokan aikina haushi suke ji su ce ai Turanci ake yi a ƙasar, amma mutumin da ya wuni yana aikin gini a rana yaushe zai zauna aji? Ni dai na haddace gaisuwa da ƙirga, yanzu layina suke bi. Asibiti kuwa ba a wasa, tafinta ake kira ta waya.

Sarkin_Yaki:
Ni fa ban yarda ba. Kasuwar Maigatari har Barebari da Buzaye da mutanen Nijar suna zuwa, yare nawa zai koya? Hausa ce ta haɗa kowa. Mu da ake turo mana 'yan bautar ƙasa asibiti ba sa jin ko zo, tsohuwa ta yi ta bayani suna kallonta, wa ya tausaya mana?

Inna_Wuro:
Sarkin Yaƙi ai zafin da tsohuwarka ta ji shi matar rugar take ji. Kuma Malam don Allah ka daina sa yaransu tafinta, akwai ciwon da uwa ba za ta taɓa faɗa a gaban ɗanta ba, sai ta ce ciwon kai ta karɓi farasitamol ta tafi.

Abban_Hanifa:
Na gode ƙwarai. Akwai wata yarinya a garinmu da ta gama makarantar kiwon lafiya tana jin Fillanci, zan yi wa mahaifinta magana ko za ta riƙa zama ranar Alhamis. Hajiya Inna ki taimaka ki turo min yadda ake cewa safe, dare, da bayan cin abinci, a murya zai fi don in ji yadda ake furtawa.