Neman shawara: Kuɗin Zumuntar Matasa na hannun wani dattijonmu, ga ranar rahoto ta ƙarato

Mai neman shawara (an ɓoye suna):
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Ni ne shugaban Zumuntar Matasa a wata ikkilisiya mai sujada da Hausa a Sabon Gari, Kano. Mun tara N420,000 daga baikon matasa da gudummawar iyaye, domin gyaran kayan kiɗa da kuɗin motar zuwa babban taronmu. Ba mu da asusun banki, kuɗin suna hannun ma'ajiyarmu.

Dab da Ista wani dattijo cikin majalisar ikkilisiya ya kira ni gefe, ya ce a ara masa N250,000, kayan shagonsa sun maƙale a hanyar Legas, mako biyu zai mayar. Mutumin nan shi ya riƙe ni da na zo Kano, shi ya sama mini wurin koyon gyaran waya a Farm Centre. Na ce wa ma'ajiya ta ba shi, ba a rubuta komai ba. Har yau shiru. Ƙarshen watan nan za mu karanta rahoto gaban ikkilisiya, shi kuma ya ce in rubuta cewa kuɗi suna nan cif, kafin Kirsimeti zai cika. In na faɗi gaskiya na tona asirin ubana. In na bi maganarsa na yi wa jama'ar Allah ƙarya. Barci ya gagare ni. Yaya zan yi?

Wani ɗan'uwa daga Badawa:
Ƙanena, wanda ya yi maka rana ba a yi masa dare. Nemi rance a wurin abokanka na kasuwa ka cike gurbin, ka karanta rahotonka lafiya, daga baya ku daidaita da Baba. Tun gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 akwai 'yan kasuwar da ba su sake tsayawa da ƙafarsu ba, kunya ce kawai ke hana su faɗa.

Uwar Zumuntar Mata, daga unguwar Brigade:
A'a, ɗana, kada ka ɗauki wannan. Yaro mai gyaran waya ya ɗora wa kansa bashin dubu ɗari biyu da hamsin don ya rufe abin da ba shi ya ci ba? Kuma ko ka cike, rahoton bai zama gaskiya ba, domin kuɗin sun fita wata da watanni ba da sanin masu su ba. Ni abin da ya fi damuna yarinyar nan ce, ma'ajiya. Ranar da magana ta fashe, ita za a fara nunawa da yatsa, kuma kun san yadda sunan 'ya mace yake a unguwa. Yau ɗin nan ka rubuta mata a takarda cewa da umarninka ta ba da kuɗin, ka sa hannu da kwanan wata. Shugaba shi ke tsayawa a gaban waɗanda suka bi maganarsa.

Ɗalibi, ɗan FCS (zumuntar ɗalibai Kirista) a Jami'ar Bayero:
Ni ban ga abin jan magana ba. Kai shi gaban majalisa kawai. An ce wa Timoti kada ya bar kowa ya raina ƙuruciyarsa. Da wani matashi ne ya yi haka, da tuni an sa shi ƙarƙashin horo.

Dattijo mai ritaya, Tudun Wada:
Ɗana ɗalibi, zafinka yana da dalili, amma ka ƙarasa karanta wasiƙar. Bulus ɗin da ya faɗi haka a 1 Timoti 4:12, shi ne a farkon sura 5 ya ce kada a tsauta wa dattijo da zafi, a roƙe shi kamar uba. A aya 19 kuma ya ce ba a karɓar ƙara a kan dattijon ikkilisiya sai da shaidu biyu ko uku. Yaron nan ba shi da ko guntuwar takarda. In ya tashi a tsakiyar majalisa ya yi magana, Baba ya musa, wa za a gaskata?

Ga abin da nake gani, mai tambaya. Ka je gidansa, ba harabar coci ba, ka gaishe shi yadda ka saba. Ka ce masa: Baba, alherinku ba zan manta ba, amma hannuna ba zai rubuta abin da babu ba. Ka roƙe shi ya zo ku je wurin fasto tare kafin ranar rahoto, ya faɗa da bakinsa, a rubuta yadda zai riƙa biya, ko dubu hamsin-hamsin ne a wata. In ya ƙi, ka koma da mutum ɗaya mai riƙe sirri, kamar yadda Ubangiji ya tsara a Matiyu 18. In ya sake ƙi, ka je wurin fasto kai kaɗai, kuma ka sanar da shi tun kafin ka tafi, kada ya ji a bakin wani. A rahoton jama'a ba dole a kira suna ba. Za ka iya cewa ga abin da ke hannu, ga rancen da ya fita, majalisa ta san da shi, ga ranar da zai dawo. Kowace kalma a ciki gaskiya ce, mutuncinsa kuma bai zube a ƙasa ba.

Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin mu manya ne muke jefa yara cikin irin wannan. Mun san ba za su iya kallon idonmu su ce a'a ba. Wanda ya taimake ka yana da hakkin girmamawa a kanka har abada, amma ba shi da hakki a kan lamirinka.

Tsohuwar ma'ajiyar mawaƙa:
Baba na Tudun Wada ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ko Bulus bai bar gudummawar tsarkaka ta tafi a hannun mutum ɗaya ba. A 2 Korantiyawa 8 ya haɗa Titus da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa, don kada wani ya sami abin zargi. Mu tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 muka daina ajiya a gida. Asusu ne da sunan ikkilisiya, mutum biyu ke sa hannu, alat yana shiga wayar sakatare da ta fasto. Yanzu in wani babba ya nemi aro, amsa ɗaya ce: ba ni kaɗai ke sa hannu ba.

Mai neman shawara:
Na gode, Allah ya saka. Mama, na rubuta wa ma'ajiya takardar, na kai mata da yamman nan. Baba na Tudun Wada, ranar Alhamis bayan dattijon namu ya tashi daga kasuwa zan je gidansa. Ku sa ni a addu'a, domin ban taɓa yi masa musu ba. Yayata ma'ajiya, in za mu buɗe asusun, me za mu tanada?

Tsohuwar ma'ajiyar mawaƙa:
Fara da sakataren ikkilisiya, kada ku buɗe da sunan mutum. Mu wasiƙar majalisa aka nema, da bayanin taron da aka zaɓi masu sa hannu, da hotunansu da lambar BVN. Ka yi mini magana bayan sujadar Lahadi in nuna maka littafin shiga da fita da muke amfani da shi.