Allon rufi a kan turos: milimita 11 ko 15?

Assalamu alaikum, masana aikin rufi, a taimaka. Tazarar turos (wato firam ɗin da ke ɗauke da rufi) santimita 60 ce, za a shimfiɗa allon OSB (allon da ake yi da gutsattsarin katako da aka matse da gam), a ɗora tayil na siminti, mai kusan kilo 45 a kowace murabba'in mita.

Nan na cije. Mai kaurin milimita 11 an yarda da shi a wannan tazarar, amma in ba a sa ƙarfen H (ɗan ƙaramin ƙarfe mai siffar harafin H da ke riƙe gefen alluna biyu) a gaɓar alluna ba, gefensa kan lotsa tsakanin turos, da ya sha danshi rufin ya yi tudu da kwari. Da ƙarfen, zai ɗauki nauyin tayil, ko dole sai mai 15?

Ƙusa kuma, milimita 65, kowane santimita 15 a gefe, 30 a tsakiya, ta wadatar?